An Kwashe Na Kowa An Bar Na Goggo

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Abin da na iya shi ne shara da goge-goge da dafa shayi, kuma duk wanda ya ce ya fi ni a nan ya zo mu gwada. A ofishin masu zanen gidaje nake aiki, tun lokacin da Manajanmu na yanzu yake sabon ɗauka, wandonsa ɗaya, yana wanke shi a bayan gida yana shanyawa a kan fanka. Kowa Goggo yake ce mini, daga mai gadi har baƙin da ke zuwa duba zanensu. Suna cewa ina da faɗa. Ba ni da faɗa. Rainin wayo ne ba na so.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne direban ofishin. Mutum ne mai tsokana, tsufa bai hana shi ba. Wata rana yana wanke motar ofis a tsakar fili, ni kuma na fito zubar da ruwan mofa, sai ya juyo bututun ruwa ya feshe ni tun daga ɗankwali har silifa. Na bi shi da sandar mofa muna zagaya mota, yana gudu yana dariya yana cewa, "Tsohuwa, wanka na yi miki kyauta!" Ashe Sakatariyarmu ta wancan lokacin tana tsaye a taga ta ɗauke mu a waya. Na yi mata faɗa a ranar, na ce ta goge. Ba ta goge ba. Bayan ya rasu ta kira ni teburinta ta kunna mini. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a gida ba, don a gida akwai yara.

Hotunansa ina da su a bango. Amma muryarsa da dariyarsa da yadda yake ɗingishi idan yana gudu, babu su ko'ina a duniya sai a nan. Wayar Sakatariya ta daɗe da faɗawa ruwa.

Kafin ta yi ritaya ta buɗe mini wuri a kwamfuta, abin da suke kira folda, ta zuba bidiyon a ciki tare da hotunan jikokina da 'yata ke turowa. A kwamfutar da ke teburin karɓar baƙi ta sa mini wata 'yar alama rawaya a kusurwar sama ta dama. Ta kama hannuna ta koya mini: a kai kibiya kan rawaya, a danna sau biyu. Shi ke nan karatuna. Kullum da safe idan na gama goge ƙasa, kafin ma'aikata su iso, sai in zauna da kofin shayina in danna. Ya fesa mini ruwa, in ce masa, "Ka ji da shi, tsohon banza," sannan in tashi in ci gaba da aiki.

To, 'yata ta haihu a wani gari mai nisa, na ɗauki hutu na tafi. Na yi makonni a can. Ranar da na dawo na zo da sassafe, na tarar wadda ta riƙe mini aiki ta bar ƙura a ƙarƙashin kowane tebur, na yi ta mita ni kaɗai har na gama. Na haɗa shayi, na zauna, na kai kibiya kan rawaya na danna.

Wani ɗan akwati ya fito mai jan tambari, da rubutu a ciki. Na sake dannawa. Ya sake fitowa, har da ƙara, "tum", kamar an buga mini ƙofa a fuska. Na goge linzamin kwamfutar da gefen zanina na sake. Haka dai.

Dogo ne ya fara shigowa, babban mai zanenmu, wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin shayi. Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi mai jego da jariri. Na ce, "Suna lafiya. Zo ka karanta mini wannan."

Ya leƙa. Ya ce, "Wai ba a sami wurin ba, Goggo."

"Wane wuri? Kwamfutar ga ta nan inda na bar ta."

"Ai an yi ƙaura bayan tafiyarki. An sayo sabuwar saba."

"Sabuwar me?"

Ya yi mini bayani yana kallon takalminsa. Wai duk abin da muke gani a kwamfutocin ofis ba a cikinsu yake ba, yana cikin wani baƙin akwati a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, ɗakin nan mai sanyi da aka hana ni shiga da ruwa. Akwatin ya tsufa, an kawo sabo, an kwashe kayan kowa an mayar can: zanen da ake aiki a kai tare, da foldar kowane ma'aikaci.

Na ce, "To madalla. Ni ina aka kai nawa?"

Ya nuna mini wata takarda da ke manne a jikin allon sanarwa. Na san takardar, tun kafin in tafi take nan, har na goge ƙurar da ke gefenta. Ya ce a nan aka rubuta cewa ba za a kwashe foldar waɗanda suka bar aiki ba, kuma an tura wa kowa saƙo a kwamfuta, duk wanda ya rasa wani abu ya kai kuka wurin Manaja kafin a wanke tsohon akwatin.

"A wanke shi? Da me?"

"A goge komai na ciki, Goggo. Yau ne ma. Masu shi za su zo su ɗauka."

Ban ƙarasa shayin ba. Na ɗauki sandar mofa, ba don in daki kowa ba, hannuna ne ya saba da ita. Dogo ya biyo ni yana cewa, "Goggo, a hankali, kada ki ce ni na faɗa miki." Na ce, "Da tsawonka kamar falwaya kake tsoron inuwarka. Matsa."

Ƙofar ɗakin sanyi a buɗe take. A baranda ga wasu ƙarti biyu da amalanken ƙarfe, suna jingine da bango suna jira. A ciki ga Injiniya, yarinyar da aka ɗauko don aikin kwamfuta ba da daɗewa ba, tana zaune a kan kujera da ƙaramar kwamfuta a cinya, cikinta ya fara turo riga. Ban taɓa samun matsala da ita ba, tana gaishe ni, tana wanke kofinta da kanta. Akwati biyu na gani. Sabon yana kan kanta yana ƙyafta fitilu shuɗaye. Tsohon yana ƙasa, tsayinsa ya kai gwiwata, yana gurnani kamar mai mura.

Na ce, "Wanne ne za a wanke?"

Ta ce, "Goggo, sannu da zuwa! Ya mai jego? Wannan na ƙasan ne."

Na tattara zanina na zauna a kansa. Da ɗumi kuwa, kamar an sauke tukunya.

"Goggo! Me kike yi?"

"Zama nake. Mijina yana ciki."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya leƙo ya ce, "Mama, mu fa sauri muke."

Na ce, "Ka ɗauka da ni a kai, in kana da ƙashin baya."

Ya dubi abokinsa, suka koma suka jingina.

Injiniya ta ajiye kwamfutarta, ta fara janye mofata daga kusa da wayoyi da ƙafarta, sannan ta ce in faɗa mata daga farko. Na faɗa mata, da ƙarfi, don na baranda su ji. Na faɗa mata rawaya da kusurwar dama da bututun ruwa. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, wannan na ba ta. Sai ta ɗauki kwamfutar ta yi ta danne-danne, ta ce, "Na gani. Goggo, ke ba ki da suna a cikin saba. Ba a taɓa buɗe miki ba. Foldarki tana cikin ta tsohuwar Sakatariya, ita ta buɗe ta ta bar wa kowa ƙofa. Da aka ce kada a kwashe na waɗanda suka tafi, sai taki ta zauna tare da tata."

"Ni na tafi ne? Ga ni zaune a gabanki."

"Wallahi ban sani ba. Na bar tsohon a kunne duk makonnin nan, ina jira ko wani zai ce ya rasa abu. Na bi tebur-tebur na tambaya. Kowa ya ce mini kayansa sun cika."

"Kin tambaye ni?"

"Ba kya nan, Goggo."

"Kafin in tafi fa? Kullum ina wuce ki da tire. Bakinki ciwo yake? Kun manna takarda a bango, kun san bango ya fi ni karatu. Ɗaya daga cikinku ya buɗe baki ya ce, Goggo, za a yi ƙaura, kina da kaya? Ko gidan haya ne ai ana ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa kafin a cire rufi."

Ta ce, "Gaskiyarki. Wannan laifina ne, ki yi haƙuri."

Na so ta yi gardama, don na riga na tanadi sauran magana. Da ta ba da haƙuri sai na rasa inda zan zuba ta. Na ce, "To kwashe mini."

"Abu ne mai sauƙi, amma ba ni da iko. Doka ce, ba a ajiye kayan gida a sabar ofis, aikin ofis kawai. Manaja ne ya sa hannu. Sai ya yarda."

"Kira shi."

Ba sai an kira shi ba, muryata ta riga ta isa. Ya taho da sauri yana gyara wuyan riga, ma'aikata na biye da shi a nesa-nesa, kowa ya riƙo takarda kamar hanya ce ta biyo da shi.

"Goggo, lafiya? Sauka mana, wannan kayan mutane ne."

"Ranka ya daɗe, ina kwana. Ba zan sauka ba."

Injiniya ta yi masa bayani a taƙaice. Tun da ta ambaci foldar Sakatariya na ga goshinsa ya fara tsattsafo da gumi, a ɗakin da ni nake jin sanyi har ƙashi. Ya ce, "Goggo, kin san ina girmama ki. Amma doka doka ce. In na buɗe miki ƙofa, gobe kowa zai kawo hotunan gidansu ya cika mana wuri. Ni na kafa dokar nan, ba zan zama na farkon karya ta ba."

Na ce, "Mutumin da ke cikin akwatin nan shi ya koya maka tuƙi a filin bayan ofis. Ka tuna bishiyar da ka daka? Wa ya ce shi ne a kan sitiyari?"

Wani ya yi tari a baranda. Manaja ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Direba, ba a kansa nake magana ba."

"A kansa nake zaune."

Ya share goshi. Ya juya wurin Injiniya ya rage murya ya ce, "Ba za a iya kwashe foldar gaba ɗaya a ajiye a gefe ba, ba tare da an buɗe ba? Daga baya a duba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka rubuta cewa ba a kai komai sabuwar saba sai an ga abin da ke ciki. Kuma akwai abin da ban gane ba." Ta juyo da fuskar kwamfutar. "Goggo, bidiyo nawa gare ki?"

"Ɗaya. Da hotunan jikokina."

"To foldarki ta fi ta sashen zane duka nauyi."

Na ce, "Buɗe mu gani. Kayana ne, na ba ki izini."

Manaja ya ce, "Ba sai an..." amma ta riga ta danna.

Hotuna suka zubo a fuskar kwamfutar ƙanana-ƙanana, jere bisa jere. Rubutu ne ban iya ba, fuska kuwa ko a duhu na gane ta. Ga jikokina a sama. Ƙasa da su sai ga Dogo cikin babbar riga, ya sunkuyo yana yi wa amaryarsa murmushi, haƙora duka a waje.

Na ce, "Dogo! Yaushe na haife ka?"

Daga baranda ya ce, "Goggo, ajiya ce."

Injiniya ta gangara. Ga yarinyar teburin baƙi da ƙawayenta a bakin ruwa. Ga ɗan mai buga takardu ranar da ya fara tafiya. Ga mahaifiyar mai auna filaye, wadda ta rasu bara, tana zaune a kujerar roba tana dariya. Ga wasan ƙwallo, ga lambun wani, ga motar da wani yake mafarkin saye. Kusan duk wanda ke tsaye a barandar nan yana da ɗaki a gidana, ni ban sani ba, don ni abu ɗaya nake dannawa.

Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya iya haɗa ido da ni.

Yarinyar teburin baƙi ce ta yi ƙarfin hali. Ta ce, "Goggo, tun da aka kafa dokar nan ake bincika foldar kowa. Taki ce kawai ba a taɓawa. Ko wanda ya riƙe aikin kafin Injiniya, da ya ga an rubuta Kayan Goggo sai ya tsallake. Ya ce shi yana son ransa."

"Shi ne kuka mayar da ni rumbu."

Dogo ya ce, "Mun zaci tana cikin kayan kowa da kowa, za ta bi ƙaura. Da muka ga babu, kuka kuma sai ta hannun Manaja. Wa zai je ya ce ya karya doka?"

"Makonni kuna zaune, kayanku na jiran wanki, kowa ya ce wa yarinyar nan kayansa sun cika?"

Mai auna filaye ya ce, "Muna ta addu'a ki dawo da wuri."

Kun ji fa. Ƙarti masu digiri, sun zuba ido tsohuwa mai mofa ta dawo daga wurin jego ta yi musu faɗa. Na buɗe baki zan wanke su tas, sai Injiniya ta ce, "Saura folda guda, ita ce mafi girma. Ba suna a jiki."

Manaja ya ce, "Wannan bar ta, ina jin tarkace ne."

Na ce, "A gidana take. Buɗe."

Tantabaru ne. Farare, baƙaƙe, masu wuya kamar an shafa musu mai, ɗaruruwan hotuna. Injiniya ta taɓa ɗaya ashe bidiyo ne. Sai ga Manajanmu a kan rufin gidansa, da singileti da gajeren wando, tantabara a kafaɗa, wata a tsakiyar kansa, ya tsuke baki yana kiran su, "Gur-gur-gur, zo nan amaryata, zo ki ci, kada ki kula wancan mummunan."

Ƙaton nan mai amalanke ne ya fara fashewa, shi da ba a ofishin yake ci ba. Daga nan kowa ya saki. Dogo ya durƙushe yana dukan ƙasa. Injiniya ta riƙe cikinta tana cewa, "Wayyo, ku bari, zai fito." Ni kaina na yi dariya har akwatin yana girgiza a ƙarƙashina.

Manaja ya tsaya kamar an dasa shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "Uwargida ce ta ce in ta ƙara ganin tsuntsu a kwamfutar gida za ta soye su duka. Ina zan kai su?"

Na ce, "Shi ya sa kake gumi."

"Goggo, kwana nawa ban yi barcin kirki ba. Wannan ta kafaɗar ta mutu, ba ni da hotonta ko'ina."

"Da ka bari an wanke ta don kada a ce ka karya doka?"

Ya mayar da tabaraunsa. Na tausaya masa, amma ban nuna ba, don ban gama ba.

Na ce, "To ku saurara, ba zan tashi daga nan ba sai an yi mini uku. A kwashe kayana a kai sabon akwati, yanzu, ina kallo. A buɗe mini wuri da sunana, ba a cikin na kowa ba, don ni ban yi ritaya ba kuma ban mutu ba. Sannan daga yau duk takardar da aka manna a bangon can, wani ya zo ya faɗa mini da baki."

Manaja ya ce, "An yi."

Dogo ya ce, "Namu fa, Goggo?"

"Naku? Ku tambayi mai doka."

Manaja ya dubi Injiniya ya ce, "Akwai wuri?" Ta ce sabon yana da fili har ya yi yawa, za ta iya yanka wani yanki daban, nesa da aikin ofis, kowa da iyakar abin da zai zuba, kada wani ya kawo garken tsuntsaye ya cinye. Ya ce a yi haka, zai gyara dokar. Ta ce, "Da sunan wa za a rubuta yankin?" Baranda gaba ɗaya ta amsa, "Goggo!"

Na ce, "Na karɓa. Amma duk mai kaya a gidana, in na goge ƙasa ya jira ta bushe. Wanda ya taka mini da takalmi, in sa a fitar da kayansa waje."

Aka fara kwasa. Wani koren layi ya fito a fuskar kwamfutar yana tafiya kamar hawainiya. Injiniya ta ce zan iya sauka, na ce sai ya kai ƙarshe. Aka kawo wa ƙartin nan shayi, Dogo ne ya dafa, ruwa-ruwa, na sha don kada in karya masa zuciya. Muna zaune ta matso kusa da kunnena ta ce, "Goggo, kin san zaman da kika yi a kai ba ya hana gogewa? Daga nan cinyata zan danna, ko kina kai."

Na ce, "To me ya hana ki?"

"Fuskarki."

Da layin ya cika ba ta yarda ba sai da ta gwada na tsoho da na sabo ta ga sun yi daidai, ta buɗe hotunan jikokina a sabon na gani da idona. Sannan na tashi. Ƙafata ta yi sanyi, zanina kuma ya yi ɗumi. Ta goge tsohon, ƙartin suka ɗora shi a amalanke. Na shafa kansa da zai fita, ya riƙe mini amana shekaru.

Saura shiga. Ta ce kowa da kalmar sirrinsa da yake rubutawa. Na ce ni da rubutu sai dai kallo. Ta kawo wani ɗan abu kamar akwatin ashana ta haɗa da kwamfutar teburin baƙi, wai in ɗora yatsa ya gane ni. Na ɗora babban yatsa, ya ƙi. Na ɗora manuni, ya ƙi. Ta duba hannuna ta ce sabulu da ruwan bilic sun cinye zanen. Muka bi su ɗaya-ɗaya, sai ɗan ƙaramin na hagu ya karɓa, shi da ba ya aikin komai. Na ce, "Ka ga malalaci, yau ranarka ce."

Fuskar kwamfutar ta buɗe. Ga rawaya a kusurwar dama, inda take. Injiniya ta nuna mini rubutun da ke ƙasanta ta ce sunana ne, na gaskiya, ba Goggo ba. Na daɗe ina kallonsa. Gajere ne ashe.

Na saba kallo ni kaɗai, amma ranar ofis gaba ɗaya yana bayana, har mai gadi ya bar ƙofa. Na danna. Ga fili, ga mota, ga shi da bututu a hannu yana satar kallona. Ruwa ya tashi. "Tsohuwa, wanka na yi miki kyauta!" Sababbin ma'aikata da ba su san shi ba suka yi ta dariyar gudun da nake da mofa. Manaja ya ce a maimaita. Aka maimaita. A na biyun na ji yana jan hanci a bayana, ban juya ba.

Kafin a tashi Injiniya ta karɓi wayata ta sa mini bidiyon a ciki, ta tura wa 'yata ma. Ta yi mini faɗa sosai, wai abin da mutum yake so ba ya ajiye shi wuri ɗaya. Na bar ta ta yi, don ta yi gaskiya, kuma rabon da wani ya yi mini faɗa tun mai bututun.

Washegari na zo da sassafe na goge ƙasa. Ina cikin haɗa shayi na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Ga Dogo da Manaja da mai auna filaye a bakin ƙofa, sun jeru da jakunkunansu suna kallon tayil yana bushewa. Injiniya ce a gaba, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tako a hankali ta gefen bango har inda nake. Ta ciro wata 'yar takarda baƙa-baƙa daga jaka, hoton cikinta na farko da aka ɗauka a asibiti, ta nuna mini wani abu kamar wake a tsakiya.

Ta ce, "Goggo, akwai ɗaki a gidanki?"

Na ce, "Sa shi kusa da jikokina. Nesa da tantabarun nan."